Igiya a Tsakiyar Coci

Lahadi, 2 ga Nuwamba 1952, bayan la'asar

Miyar mutum sittin na dafa. Talatin da ɗaya suka ci. Sauran tana can cikin tukunya, mai ya daskare a kanta.

Fasto Chu ya karanta takardar da manyan coci suka aiko daga birni. Wai duk mai bin mutanen nan da suka fito daga kurkukun Jafanawa, masu cewa sai kowa ya tuba a fili, ba a lissafa shi cikin ikkilisiya kuma. Bai kai ƙarshe ba yayana Seol Gi-bong ya miƙe.

Ya ce, "Fasto, wa ya rubuta wannan? Waɗanda suka hau tudu suka durƙusa wa gunkin Jafanawa, su ne yau ke korar waɗanda suka ƙi?"

Fasto ya ce, "Ɗan'uwa Seol, zauna a gama."

"Na zauna shekara biyar a inda aka zaunar da ni. Ya isa."

Sai ya ɗaga hannuwansa. Kowa ya san su, yatsu a karkace kamar saiwar citta, ko tsinken cin abinci ba sa riƙewa. Ya juya wajen maigidana, Baban Okja, wanda ke kujerar dattawa.

"Shekara bakwai ke nan da na fito ina jiran dattijon nan ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi. Duka. Har da na ramin dankali."

Baban Okja ya zuba wa gwiwoyinsa ido. Ni kuma na tuna ban rage wutar murhu ba, na fita.

Yaya da mutanensa sun ce ba inda za su. Su ma da kansu suka ɗauko duwatsun ginin nan daga bakin teku.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Da muka je addu'ar asuba muka tarar an ja igiyar taru daga ƙofa har bagade. Ba wanda ya ce shi ya ja. Na maigida suna dama, na Yaya suna hagu. Na tsaya a ƙofa ina ta faman cire takalmi kamar ya maƙale. Daga baya na bi dama.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da azahar

Na kai wa Inna kunun shinkafa gidan Yaya. Matarsa Pil-nyeo ta tare ni a tsakar gida tana shanya ƙananan kifi.

"Ajiye a nan, ni zan ba ta."

"Yaya Pil-nyeo, uwata ce fa."

"Na ce ba uwarki ba ce? Shiga. Amma kwanon gidan mijinki Tak kada ya kwana mini a nan."

Inna ta ƙara ramewa. Idon ya tafi gaba ɗaya yanzu. Ta shafa fuskata ta ce, "Auta, me ya sa ake buga ƙararrawa sau biyu da asuba?" Na ce mai bugun ne ya tsufa, yana mantuwa. Ta ce, "To." Cokali huɗu ta sha.

Da zan fita na bi ta ƙofar gaba. Kullum ta ƙofar gaba nake bi. Bayan gidan akwai santsi.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da safe

Ban ci komai ba. Iska daga teku.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da yamma

Sujada biyu a lokaci ɗaya, ɗaki ɗaya. Mu muka fara waƙa, suka ɗauko wata. Muka ɗaga murya, suka ɗaga. Tsohuwar da ke kusa da ni jijiyar wuyanta ta tashi, tana yabon Allah tana harara.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne karatu. Fasto ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Korintiyawa, inda wani ke cewa shi na Bulus ne, wani na Afolos, Bulus yana tambayarsu ko an rarraba Almasihu ne. Yana karantawa yana duban hagu. Yaya kuwa, wani ya riƙe masa littafi, yana karanta inda Bulus ɗin nan dai ya ce a fito daga cikinsu a keɓe, kada a taɓa abu mai ƙazanta. Yana duban dama. Mutum ɗaya ya rubuta duka biyun, wa gari ɗaya. Na rasa wanda zan tambaya yadda aka yi haka.

A bakin ƙofa aka yi ture-ture wajen neman takalma. Wani daga namu ya ce, "Tsarkaka, ku yi hankali kada ku sa takalmin mai zunubi." Wani daga nasu ya ce, "Naku ai an san su, gabansu ya goge don durƙuso."

An yi dariya ɓangare biyu. Sannan aka tuna, aka daina.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan karin kumallo

Baban Okja na gyaran taru a baranda. Na zauna kusa da shi ina tsince barkono.

Na ce, "Ka tsaya ka ce ka durƙusa, ka kuma ja mutane sun durƙusa. Ai gaskiya ce."

"Na faɗa sau uku, Uwar Okja. Na zauna wata biyu ban hau kujerar dattawa ba. Ba wannan yake so ba."

"To ka ce maganar ramin ba kai ba ne."

Bai ɗago ba. Ya ja zare da haƙori ya tsinke. "In na ce ba ni ba ne, sai ya ce to wa?"

Na ci gaba da tsince barkono. Hannuna na zafi na kai shi ido, na samu dalilin hawaye.

Can ya ce, "Kwana uku na yi a hannun 'yan sandan Jafanawa. Da la'asar aka kama yayanki, da magariba aka sake ni. Ko ni ne a matsayin mutanen gari, haka zan yi tunani. Bar shi haka."

Shekara goma sha biyu yana cewa bar shi haka.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da rana

Ubangiji, Ka san komai. To tunda Ka sani, me ya rage a faɗa?

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da magariba

Ranar haɗa kimcin hunturu, wato kabejin da ake jiƙawa da gishiri da barkono a adana. Kowace shekara mata goma sha biyu muke, yau gidan wannan, gobe gidan waccan, ana hira ana zagin mazaje har kabeji ɗari biyu ya shiga tuluna. Yau huɗu suka zo gidana.

Geum-sil ba ta zo ba. Ita da muka tashi tare, ita ta karɓi haihuwar Okja, ita ta raka ta ɗakin miji a birnin Busan. Na hango ta ta kan katanga tana wanke nata kabejin ita da matan hagu. Na ce, "Geum-sil, gishirinki zai isa?"

Ta ce, "Zai isa." Sai ta matso ta rage murya. "Malsun, ke ba ruwanki, kowa ya sani. Tsakanin miji da ɗan'uwa aka matse ki kamar kifi a ƙarƙashin dutse. Amma wannan mijin naki, yaya kike iya zuba masa shinkafa? Mutumin da ya sayar da surukinsa don ya ceci fatarsa?"

Na ce, "Ruwana na tafasa."

Kabeji tamanin muka iya. Bayana kamar zai rabu biyu.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da la'asar

Jibin Ubangiji. Tebur biyu, gurasa biyu. Ƙoƙon azurfa ɗaya ne a cocin, an yi ta ja-in-ja a kansa tun jiya, ƙarshe Fasto ya kulle shi a akwati, kowane ɓangare ya sha da kwanon shinkafa.

Da kwanon ya zo gabana na miƙa wa ta kusa da ni. Ta ce, "Ba ki sha ba." Na ce mura nake yi.

Baban Okja ya gani.

Talata, 18 ga Nuwamba, da azahar

Namu sun sa kwaɗo a ƙofar coci. Nasu suka zo da guduma. Ban ga farkon ba, ina rijiya. Da na iso ana ta kokawa a kan matakala, maza masu furfura, an yaga wa Fasto hannun riga. Baban Okja ya shiga tsakani yana cewa a bari, a bari, dutse ya same shi a saman gira. Ba a san daga wane ɓangare ba.

Ɗan sanda ya zo a kan keke, wani mai ƙaton ciki, ko coci bai taɓa shiga ba. Ya tsaya yana sakace. Ya ce, "Kai, masu Yesu! A arewa 'ya'yanku na mutuwa a fagen yaƙi, ku kuna nan kuna fasa kan juna. Wai ba ku ne masu cewa a ƙaunaci maƙiyi ba? Ko Yesun ne biyu, in rubuta sunan kowanne?"

Masu kallo, masunta da matan kasuwa, suna ta ƙyaƙyata dariya.

Yaya na tsaye gefe, bai jefa komai ba, da me zai jefa? Ya dubi jinin da ke fuskar mijina, ya kau da kai.

Na ɗinke wurin da zaren taru. Ɗinki huɗu. Bai yi ko uhum ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da safe

Jinin ya ƙi fita daga rigar. Na wanke sau uku.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da yamma

Inna ta daina shan kunu. Yau ta sa aka kira Yaya, ni ina zaune.

Ta ce, "Ni makauniya ce, ba kurma ba. Kuna tsammani ban san an fasa kan mijin Auta ba?"

Yaya ya ce, "Inna, maganar gaskiyar Allah ce."

"Rufe mini baki, Gi-bong. Ni na koya maka gaskiyar Allah kana tsirara. Lokacin da na karɓi baftisma, kakanka ya ƙona mini littafi ya ɗaure ni a jikin bishiya. Mu bakwai ne a garin nan, ɗaki ɗaya, fitila ɗaya. An ce mana jiki guda ne mu, ido ba ya ce wa hannu ba na bukatarka. Hannunka ya ruɓe, sai ka yanke ka yar?"

"An rubuta a yanke, Inna, in zai sa mutum tuntuɓe."

"Ji shi! Ko yaushe da ayarsa a baki." Ta yi tari mai tsawo. "To ku ji. Gawa ɗaya gare ni. In kun ga dama ku raba, kai ka ɗauki kai, su su ɗauki ƙafa."

Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Auta, hannunki sanyi. Tun shekarar nan hannunki bai yi ɗumi ba." Ban tambaye ta wace shekara ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Inna ta tafi, gari na wayewa.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da magariba

An binne ta a kan tudu kusa da Baba.

Yaya ya ce Fasto ba zai yi addu'a a kan uwarsa ba. Fasto ya ce shekara ashirin yana ba ta Jibin Ubangiji. Aka tsaya a tsakar gida da makara a ƙasa kusan awa guda. Daga ƙarshe nauyi ya raba gardama. Makarar garinmu sai maza goma sha biyu, ba ɓangaren da ke da goma sha biyu masu ƙarfi, samarin duk suna yaƙi. Aka cika da na nan da na can. Na ga kafaɗar wanda ya sa kwaɗo tana gogar ta wanda ya fasa shi. A hawan tudu ɗaya ya zame, ɗayan ya riƙo shi. Na ce a raina ko shi ke nan.

Da aka sauke, kowa ya koma gefensa na kabari. Addu'a biyu. Amin biyu.

A dawowa mata suka bi ta bayan gidan Yaya, don hanyar ta fi kusa. Ban iya zamewa ba. Ramin dankalin yana nan. An rufe bakinsa da sabon bunu. Ƙarami ne ƙwarai, ban san yadda Yaya, babban mutum, ya kwana tara ɓoye a ciki ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, da safe

Amai.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da rana

Inna ba ta nan kuma da za a ce kada a tayar mata da hankali. Ashe da ita nake fakewa.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na sami Yaya a bakin teku shi kaɗai, yana zaune kan kwale-kwalen da aka kifar. Na durƙusa a kan tsakuwa.

Na ce, "Yaya, ba Baban Okja ne ya nuna ramin ba. Kwana uku suna dukansa bai faɗa ba. Ni na je ofishinsu da ƙafata. Na ji kukansa daga waje. Babbansu ya ce miji ko ɗan'uwa, in zaɓa. Ni na kawo su. Ni na nuna."

Ban taɓa jin muryata ta faɗi wannan ba. Siririya ce, kamar ta wata.

Ya kalli ruwa. Ya ce, "Takalminki na roba, na dama ya tsage a gaba, kin ɗinke da jan zare."

Ban gane ba.

"Akwai 'yar kafa tsakanin katakon da ke rufe ramin. Ta nan nake ganin ƙafar mai kawo mini abinci. Ranar nan na ga takalminki, na ji daɗi, na ce Auta ta kawo shinkafa. Sai na ga manyan takalma a bayanki."

Na ce, "Ka sani? Duk shekarun nan?"

"Tun ranar."

"To don me, Yaya? Don me shi?"

Ya juya hannuwansa a kan cinya. "A kurkuku na yi ƙoƙari in ƙi ki. Wallahi na yi. Duk sanda na fara sai in gan ki a bayana ina goye da ke zuwa gona, kina tsotsar wuyan rigata. Na kasa. Amma abin yana nan a ƙirji, dole ya sauka kan wani. Na ce ai saboda shi ta yi. Na yi ta faɗa wa kaina har na kusa yarda shi ne."

"Ka bar gari na tofa masa yawu."

"Ke ma kin bari."

Ruwa ya fara cikowa har ya jiƙa mini gwiwa. Ya ce, "Tashi, sanyi zai kama ki." Bai ce ya yafe ba. Ni ma ban roƙa ba.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da safe

Na gaya wa Baban Okja zan faɗa gobe. Ya ce, "Ba zai gyara abin da kike so ya gyara ba." Na ce na sani. Ƙarya nake, ina sa rai.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da yamma

Na tsaya daidai kan igiyar, na faɗa. Duka ɓangarorin suka yi tsit, karo na farko cikin wata guda.

Ina tsammanin za a yi kuka. Ina tsammanin wani zai kwance igiyar.

Wanda ya fara magana ma'ajin namu ne. Ya tafa hannu ya ce, "Kun ji ko? Kun ji! Dattijonmu ba shi da laifi! Shekara bakwai tsarkaka suna shaidar zur!" Wata daga hagu ta ce, "Gida ɗaya ne ai, miji ya durƙusa, mata ta nuna!" Nan take aka koma inda aka tsaya, sai dai yanzu da sunana ake jifa.

Yaya ya miƙe ya ce, "Na sani tun farko. Zunubina ne, na ɗora wa marar laifi." Ya juya ya sunkuyar da kai ga mijina, sosai, har ƙasa. Amma hayaniya ta yi yawa, waɗanda suka ji ba su fi goma ba. Da aka ɗan lafa Fasto ya ce to sai a janye komai a dawo. Yaya ya ce maganar rami daban, maganar takardar birni daban, muddin ba a janye ta ba, ba zai ci gurasa ɗaya da masu ita ba. Fasto ya ce ba shi da ikon janyewa.

Mutanen hagu sun ɗauki tabarminsu da littattafansu sun fita. Za su koma tsohuwar rumfar busar da kifi ta ƙasan gari.

Geum-sil ta wuce ta gabana. Ta tsaya kamar za ta yi magana. Ta gyara ɗankwali ta wuce.

Talata, 2 ga Disamba, da rana

A rijiya an matsa mini wuri. Wuri mai faɗi.

Asabar, 6 ga Disamba, da la'asar

Tun da sassafe na ga Baban Okja yana ɗaure bunu a bayan amalanke, ya sa guduma a ɗamara. Na ce ina zuwa? Ya ce rumfar nan rabin rufinta babu, kuma dusar ƙanƙara na hanya.

"Ba za su bar ka ka yi sujada a ciki ba."

"Na sani."

"Namu kuma za su ce ka ci amana."

"Su ma na sani. Miƙo mini igiyar can."

Da azahar na kai abinci. Yana kan rufi, Yaya na ƙasa yana nuna masa inda ke yoyo. Sauran mutanen hagu suna aiki nesa da shi, ba mai yi masa magana. Na shimfiɗa tabarma na ajiye tire. Suka zauna su biyu, ɗaya nan ɗaya can.

Aka zo addu'ar abinci. Yaya ba zai bi addu'ar dattijon dama ba, dokarsu ce. Baban Okja ba zai ce Yaya ya yi ba, kada ya sa shi cikin kunya gaban mutanensa. Suka yi ta kallon shinkafa tana hucewa. Ƙarshe kowa ya rufe ido ya yi tasa a ciki.

Yaya ya kurɓi miya ya yatsina fuska. "Suruki, gishirin nan fa? Haka take ba ka kullum?"

Baban Okja ya ce, "Shekara ashirin da shida. A gidanku ta koyo."

Yaya ya ɗan yi sautin da ban sani ba ko dariya ce. Ya shanye miyar tas.

Da suka gama mijina ya koma kan rufi. Kafin la'asar ya ɗora bunun ƙarshe, ya sauko, ya kakkaɓe rigarsa. Mutanen suka shiga ciki don gwada waƙar gobe, wani ya jawo ƙofa. Muka tsaya a waje mu biyu da kwanonin da babu komai. Waƙar da Inna ke so ce.

Ya saurara har baiti na biyu, leɓensa na motsi. Sannan ya ce, "Ba zai yi yoyo ba. Mu je."